Yadda ake shirya wa yaro sutura da kayan makarantar daji a ƙasashen sanyi

Iyayen da karatu ko aiki ya kai su Jamus, Suwidin, Denmak ko Ingila sukan ci karo da wata makarantar ƙananan yara wadda ajinta gindin bishiyoyi ne. Yara 'yan shekara 3 zuwa 6 su fita tun safe tare da malamansu, su yini cikin kurmi suna hawan kututture, suna tonon ƙasa, suna tsallake kwatami, ko ana ruwa ko ana zubar dusar ƙanƙara. A Denmak abin ya samo asali cikin shekarun 1950. Suwidin ta buɗe makarantarta ta farko mai suna I Ur och Skur a Lidingö a 1985. A Jamus ana ce musu Waldkindergarten, ta farko da hukuma ta amince da ita kuwa a garin Flensburg aka buɗe ta a 1993, shekarar da wasu malaman kwalejin Bridgwater ta Ingila suka je Denmak suka ɗauko tsarin. A Jamus da ƙasashen arewacin Turai yaro yakan yi awa 4 zuwa 5 a waje kullum. A Ingila an fi yin fitar sau ɗaya a mako, awa 2 ko rabin yini. Ko wanne ɗanku yake yi, suturarsa ce za ta yanke hukuncin ko zai so makarantar ko zai riƙa kuka duk safiya.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Sanyin Kano da Damagaram busasshe ne. A sa wa yaro singileti da riga da suwaita, hantsi na yi a tuɓe masa, shi ke nan. Na Turai jiƙaƙƙe ne, ruwa na iya sauka a kowane wata, ƙasa kuma takan yi watanni ba ta bushe ba. Ruwa yana zuƙe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25. Saboda haka yaron da wandonsa ya jiƙe a digiri 4 ya fi shan wuya a kan wanda yake a bushe a digiri 5 ƙasa da sifili. Jiƙar kuma ta hanya biyu take zuwa: ruwan sama da taɓo daga waje, gumi daga ciki. Duk matakan da ke tafe, aikinsu toshe hanyoyin nan biyu ne.

Kafin a sayi komai

A fara da tambayar malamai: awa nawa ake yi a waje, akwai mafaka ko babu, ina ake ajiye kayan canji, ana hura wuta, wane abinci aka hana. Yawancin makarantun daji na Jamus suna da ɗakin katako mai taya da suke kira Bauwagen, nan ake fakewa idan sanyi ya tsananta, nan kuma jakar canjin kowane yaro take rataye. Ranar da aka yi gargaɗin iska mai ƙarfi ba a shiga kurmi saboda faɗowar rassa, sai a koma wani ɗaki da aka tanada.

Daga nan a auna yaron. Lambar kayan yara a Jamus da ƙasashen arewacin Turai tsayin yaro ce da santimita: 98, 104, 110, 116, 122. A jingina shi da bango ba takalmi, a yi alama, a auna. Kayan ciki a ɗauki daidai lambarsa, na waje a ɗauki lamba ɗaya sama domin na ciki su sami wuri. Kada a ɗauki lamba biyu sama da nufin ya yi masa shekara uku. Ƙafar wando za ta riƙa jan ƙasa ta tsage, hannun riga ya rufe masa yatsu, hawan bishiya ya zame masa haɗari. Ƙafa kuwa a ɗora ta kan kwali yana tsaye, a zagaye da biro, a auna daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo. A auna duka biyun, a yi aiki da babbar.

Sutura hawa uku

Hawa na farko shi ne wanda ke taɓa fata: riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki. Aikinsa ya ɗauke gumi daga fata. Nan ne aka fi yin kuskure, domin mun saba da cewa auduga ce lafiyar fata. A zafinmu haka ne. A sanyi kuwa auduga tana shan gumi ta riƙe. Yaro ya yi gudu na minti 10 ya yi zufa, sannan a zauna karin kumallo a kan kututture, sai rigar audugar nan ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayansa, babu kuma jakit ɗin da zai iya gyara wannan. Abin da ake so ulu ne, musamman mai laushin nan na tumakin merino, ko kuma yadin foliyesta irin na 'yan wasanni. Ulu yana ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, ba ya saurin wari, ana iya sa shi kwana 3 ko 4 in ana shanya shi da dare. Foliyesta ya fi araha, ya fi saurin bushewa, amma yana son wanki kullum ko bayan kwana biyu. Yaron da ulu ke sa wa ƙaiƙayi, ko mai ƙyasbi da bushewar fata, a nema masa gamin ulu da siliki ko a tsaya kan foliyesta. Kada a sa singiletin auduga a ƙarƙashin ulun don gudun ƙaiƙayi, an rushe aikin gaba ɗaya. Saiti 2 sun isa, 3 in yaron bai gama sabawa da riƙe fitsari ba.

Hawa na biyu shi ne mai riƙe ɗumi: suwaita ta ulu ko ta yadin nan mai gashi-gashi da ake kira fulis, da wandonta idan sanyi ya yi ƙarfi. Iskar da ke maƙale cikin yadin ita ce ke ɗumama jiki, don haka kada ya matse. A zaɓi mai zif har ƙasa yadda malama za ta cire masa ba sai an tuɓe hula da komai ba. Sirara biyu sun fi kauri ɗaya amfani, domin ana iya rage ɗaya idan rana ta fito. In makarantar tana hura wuta, ulu ya fi, saboda tartsatsi yana narka fulis ya manne, ulu kuwa ba ya saurin kamawa. Wandon jins da suwaitar auduga mai hula a bar su don zuwa kanti.

Hawa na uku shi ne garkuwa daga ruwa da iska, kuma nan ne ya dace kuɗi su tafi. Iri biyu ne, kowanne da ranarsa. Na farko rigar ruwa da wandon roba masu santsi, waɗanda aka liƙe gaɓoɓinsu da zafi maimakon allura. Jamusawa suna ce wa wandon Matschhose, wato wandon taɓo. Ruwa ba ya ratsa su ko yaro ya zauna cikin kwatami, amma ba sa fitar da gumi, don haka dole hawa na farko ya zama mai kyau. Na biyu yadi ne mai numfashi, wanda ke tare ruwa yana barin tururin jiki ya fita. A jikin takardarsa za a ga lamba da milimita, mai nuna ƙarfinsa na tare ruwa. Mai 5,000 zai tare yayyafi, amma yaron da zai durƙusa ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa a nema masa 10,000 ko sama, saboda nauyin jiki yana matsa ruwa ya shiga ta gwiwa da mazaunai. A juya rigar a duba ciki: kowane layin ɗinki ya kasance an bi shi da liƙi. Wanda ba a liƙe ba, ta ramukan allura ruwa zai shiga komai kyan yadin.

Wandon ya zama mai hawa har ƙirji da maɗauran kafaɗa, domin na ƙugu yana zamewa idan yaro ya sunkuya, baya ya buɗe. A bakin ƙafarsa akwai roba da ake zagayowa ƙarƙashin takalmi. A sa ta kullum. Ƙafar wando a kan takalmi take sauka, ba a cusa ta ciki, in ba haka ba duk ruwan da ya gangaro daga riga cikin takalmi zai tare. Rigar kuma a kan wando take sauka, kamar yadda ake jera kwanon rufi na sama a kan na ƙasa.

Hular rigar ta zama mai maɓallan da ke ɓallewa idan reshe ya kama ta. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14682 ta hana sa igiya a wuya ko a hular kayan yara har zuwa shekara 7. Kayan da aka zo da su daga wata ƙasa ko aka samu a gwanjo, in akwai igiya a wuya a zare ta.

Takalmi da safa

Takalmin roba mai dogon wuya yana tare ruwa amma ba ya ɗumi ko kaɗan, sanyin ƙasa yana ratsa shi kai tsaye. Daga digiri 5 zuwa sama ya wadatar tare da safar ulu da shimfiɗar ulu a cikinsa. Ƙasa da haka sai takalmin hunturu mai shafi a ciki, wanda ruwa ba ya shiga, mai kaurin ƙasa da zanen da ke kama santsi. In an sami wanda ake zare shafinsa a shanya daban, ya fi. A ranakun bushewa na bazara, rufaffen takalmin tafiya mai kama idon sawu ya fi na roba, wanda ke sa ƙafa gumi kuma yake saurin zamewa a kan itace.

A bar rata ta milimita 12 zuwa 15 a gaban yatsu, yaron na sanye da safar da zai riƙa sawa. Kada a dogara da tambayarsa ko ya matse, ƙananan yara suna naɗe yatsu su ce daidai ne. A ciro shimfiɗar ciki a tsayar da shi a kai, ido zai nuna. A sake aunawa duk wata 3 zuwa 4.

Kuskuren da ke jawo kukan sanyin ƙafa shi ne safa uku cikin matsattsen takalmi. Matsi yana rage gudun jini, yana kuma korar iskar da ke ɗumama ƙafa. Safar ulu guda mai kauri, ko siririya ɗaya da mai kauri a kai in akwai wuri, ita ce daidai. A tanadi ƙafa 5, ɗaya kullum tana cikin jaka a ƙulle cikin leda. A ƙara ledoji 2 marasa komai: idan ruwa ya shiga takalmi, malama ta sa masa busasshiyar safa, ta zura leda a kai, ta mayar da takalmin, ya ƙarasa yininsa.

Hannu, kai da wuya

Safar hannu mai aljihu ɗaya, wadda yatsu huɗu ke zama tare, ta fi mai yatsu biyar ɗumi, ta kuma fi sauƙin sawa ga ɗan shekara 3. Tsarin da ke aiki shi ne siririya ta ulu a ciki, ta roba ko mai tare ruwa a waje, mai dogon wuya da ke hawa kan hannun riga a ɗaure. Hannu ne ya fi komai saurin jiƙewa tunda da shi ake dama taɓo, saboda haka ƙafa 3 ake so: ɗaya a hannu, ɗaya a jaka, ɗaya tana bushewa a gida. Kada a haɗa su da dogon zare ta bayan wuya kamar yadda ake yi a da, zaren na iya sarƙewa. Akwai 'yan maƙalai gajeru da ke kama su a bakin hannun riga.

Hula ta rufe kunnuwa da goshi. Dogon mayafin wuya mai lilo makarantu da yawa sun hana shi saboda reshe na iya kama shi ya shaƙe yaro. A maimakonsa a sa zagayayyen abin wuya da ake zurawa ta kai, ko hular da ta haɗa kai da wuya ta bar fuska kawai.

Ga 'yan matanmu akwai ƙarin lura. Kitso mai tudu a tsakar kai ko mai duwatsu da yawa yana hana hula zama, kunne ya fito waje. A lokacin sanyi a yi kitso mai kwanciya da ya gangara ƙeya, a bar ado sai bazara. Ulu yana busar da gashinmu yana karya shi, don haka a sa siririn ɗankwali mai santsi ƙarƙashin hular, ko a ɗinka mata shafi. Yarinyar da ke sa hijabi a ba ta ƙarami na zurawa mai kama fuska, marar fil ko allura, gajere, a cusa shi cikin riga. In tana son siket ko doguwar riga, a ajiye mata ta sa idan an tashi. Wandon taɓo da rigarsa sun rufe jiki ruf.

Jakar baya

Ƙarama, mai cin lita 6 zuwa 10, da maɗaurin ƙirji don kada ta riƙa zamewa daga kafaɗar rigar roba. Nauyinta da kaya kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin yaron, wato mai kilo 16 ya ɗauki kamar kilo 1 da rabi. Abin da ke ciki: 'yar shimfiɗar soso ta zama, wadda ke raba mazaunai da sanyin ƙasa, gorar ruwa ta rabin lita, kwanon abinci da yaron zai iya buɗewa da kansa, ɗan tawul na goge hannu, safar ƙafa da ta hannu na canji. Cikakken canji kuwa, tun daga kamfai har suwaita, yana zaune a makaranta cikin jaka mai sunansa. A duba shi duk ƙarshen wata, domin sau da yawa ranar da aka buƙace shi sai a tarar ya yi wa yaro kaɗan ko na bazara ne ana tsakiyar hunturu.

A rubuta suna a komai, har ƙafar takalmi ta hagu da ta dama. Yara 20 da wandon taɓo iri ɗaya daga kanti ɗaya, ba mai iya rabewa.

Abinci ya zama wanda ake ci da hannu cikin minti 15: burodi da cuku ko ƙwai, yankakken karas, tuffa, dabino. A sanyi fulas na ruwan ɗumi ko shayi marar zafi sosai yana taimakawa ƙwarai, haka kunu ko faten dankali cikin fulas mai faɗin baki. A gwada zafin a bayan hannu kafin a rufe. Makarantu da yawa sun hana gyaɗa da danginta saboda yaran da jikinsu ba ya karɓa, don haka a tambaya kafin a sa ƙuli-ƙuli ko kunun gyaɗa. A sanar da malamai tun ranar farko cewa yaron ba ya cin alade, har da alewar da ake gasawa a wuta, wadda galibi da sinadarin gelatin na alade ake yin ta.

Kaka: Satumba zuwa Nuwamba

Lokacin da shekarar karatu ke farawa ke nan, kuma shi ya fi ruɗa iyaye. Safiya digiri 5, azahar 15. Daga 10 zuwa 15, siririn hawa na farko da kayan ruwa sun isa, suwaita tana jaka. Daga 5 zuwa 10 a sa duka ukun, da siririyar hula. In ana iska a ɗauka kamar an rage digiri 3 zuwa 5. Ko sama ta yi garau a sa wandon taɓo, saboda raɓa da jiƙaƙƙen ganye.

Hanyar gane ko suturar ta yi daidai ita ce a zura yatsu biyu a ƙeyar yaro zuwa tsakanin kafaɗunsa. Ɗumi a bushe, daidai. Ɗumi da danshi, kaya sun yi yawa, gobe a rage. Sanyi, a ƙara. Sanyin tafin hannu da hanci kaɗai ba ya nuna komai. Iyayen da suka taso a ƙasar zafi sun fi karkata ga cika kaya, har yaro ya kasa ɗaga hannu. Wanda bai iya gudu ba kuwa shi sanyi ke fara kamawa, domin motsi ne murhun jikinsa.

Lokacin ne kuma laimar kwaɗi da 'ya'yan itatuwa masu ja ke cika daji, wasunsu guba ne mai kisa. Dokar makarantun ita ce ba a kai komai baki sai abin da aka zo da shi daga gida. A maimaita masa ita a gida.

Hunturu: Disamba zuwa Fabrairu

Daga sifili zuwa 5 tare da ruwa shi ne yanayi mafi wuya, kuma shi ne yawancin hunturun Ingila da arewacin Jamus. A nan a sa ulu a ciki, suwaita da wando masu kauri, sannan kayan roba a sama. Rigar ƙanƙara mai auduga a ciki takan sha ruwa a irin wannan rana ta yi nauyi. Idan aka sauka ƙasa da sifili, ƙasa ta daskare, sai a koma rigar hunturu mai shafi. Wadda ta haɗa sama da ƙasa ta fi ɗumi tunda babu inda iska za ta shiga, amma tana ba da wahala wajen zagayawa. Yaron da yake koyon kama kansa, rabe biyu ta fi masa. A gwada a gida: in ba zai iya zuge zif ya sauke cikin minti ɗaya ba, a koya masa ko a canza. Daga 10 ƙasa da sifili a ƙara hawan ulu, a rufe kumatu, malamai ma sukan gajarta zaman waje.

Rana gajera ce. A Stockholm hasken yini a Disamba kamar awa 6 ne, a Landan bai kai 8 cikakku ba. A tabbata akwai ƙyalli mai mayar da hasken mota a riga da jaka, a kuma zaɓi launi mai haske kamar ja ko ruwan ɗorawa, wanda malama za ta hango cikin itatuwa.

Fatarmu tana bushewa ta yi furu-furu ta tsage a wannan lokaci. Man kaɗanya ko basilin bayan wanka da dare, da safe kuma a shafa a fuska da leɓe da hannu kamar rabin awa kafin fita. Mai yana maganin kaushi, amma ba ya hana ƙanƙara cin fata, sutura ce ke yin wannan. Littattafan can suna cewa wurin da sanyi ya ci yakan yi fari ko ja. A baƙar fata ba lallai a ga haka ba, sai dai wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri, yaro ya ce ba ya jin yatsansa ko kunnensa. A gaya wa malamai wannan. In ya faru a shiga ɗaki, a ɗumama wurin da tafin hannu ko hammata ko ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. Kada a murza, kada a kara a hita ko wuta. Yaron da ya yi ta karkarwa sannan ya yi shiru, maganarsa ta harɗe, barci na ɗibarsa, a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, a naɗe shi, a kira lambar gaggawa 112, ko 999 a Ingila.

Mai ciwon sikila lamarinsa daban ne, kuma ciwo ne da ya yawaita a cikinmu. Sanyi, jiƙa da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da shi. Kada a sa irin wannan yaro a makarantar daji sai an zauna da likitansa, an rubuta wa malamai abin da za su lura da shi da lokacin da za su shigar da shi ɗaki. Mai asma kuma maganin shaƙarsa ya kasance a hannun malama, a ja abin wuya ya rufe masa baki da hanci idan iska ta yi sanyi. Daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta isa jiki ya yi bitamin D ba. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tana ba da shawarar maikurogiram 10 kullum ga yara 'yan shekara 1 zuwa 4, masu baƙar fata kuma su duba shansa duk shekara. Yini a waje cikin sutura hawa uku ba ya maye gurbin wannan.

Tohon ganye da bazara: Maris zuwa Agusta

Maris da Afrilu kayan kaka ake komawa, taɓo ma ya fi yawa saboda narkewar ƙanƙara. Abin da ke sabo shi ne kaska. Da zarar zafi ya kai kamar digiri 7 take farkawa, tana nan har Oktoba ko Nuwamba. Mun san ta a jikin shanu da karnuka, amma ta can tana iya zama ƙanƙanuwa kamar ƙwayar riɗi ko ƙasa da haka, tana kuma ɗauke da cuta biyu: cutar Lyme, da wata mai kumbura ƙwaƙwalwa da Jamusawa ke kira FSME. Ta biyun tana da rigakafi, ana kuma ba da shawararsa a yankuna irin su jihohin Bayern da Baden-Württemberg na kudancin Jamus, da Ostiriya, da kewayen Stockholm. Cibiyar Robert Koch, mai sa ido kan cututtuka a Jamus, tana fitar da taswirar yankunan da cutar take duk shekara. A tambayi likitan yara tun cikin hunturu, domin allurar ba ɗaya ba ce.

Saboda kaska da ganye mai ƙaiƙayi da ƙaya, ko ana zafi dogon wando da riga mai dogon hannu ake sawa, sirara, masu farin launi don a ga abin da ke tafiya a kai. A nan auduga ta dawo da amfaninta. A cusa ƙafar wando cikin safa. Silifa da buɗaɗɗen takalmi ba su da wuri a daji. Maganin korar ƙwari a duba shekarun da aka rubuta a jikinsa, a shafa a wuya da idon sawu da wuyan hannu, ban da tafin hannu.

Kowace yamma a tuɓe yaron a wuri mai haske a duba bayan kunne, gefen gashi, tsakanin layukan kitso, wuya, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa. A baƙar fata ido kaɗai ba ya isa, a bi da yatsa ana laluben ɗan ƙullutu. In an samu, a kama ta da matsefata mai siririn baki dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba tare da matse cikinta ba, a wanke wurin, a rubuta ranar. Kada a ɗiga mata mai ko kananzir, kada a ƙona ta da ashana. Saurin cirewa yana rage haɗarin Lyme sosai. A sa ido makonni masu zuwa: tabo mai faɗaɗa kamar zobe, wanda a fatarmu kan yi kama da ƙurji mai duhu ko wurin da aka buge, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, duk a kai shi asibiti a ambaci kaskar.

Hula mai baki da ke rufe ƙeya, man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama a fuska da wuya, domin fatar yaranmu ma tana ƙuna a doguwar ranar Yuni. Ruwa a ƙara zuwa kusan lita 1. Daga Mayu zuwa Yuli akwai wata tsutsa mai gashi da ke yin saƙa a jikin itacen oak a Jamus da Holan da kudancin Ingila, gashinta yana sa ƙuraje da tari, a hana yaro taɓawa. A Agusta da Satumba rina ke yawa: a daina sa lemo mai zaƙi da jam, gorar ruwa ta zama mai ƙaramin baki da murfi. Siririyar rigar ruwa kuwa ba ta barin jaka ko a Yuli.

Idan an dawo gida

Kayan da ba su bushe ba kafin safe, tamkar babu su ne. Da shigowa a zare shimfiɗar takalmi, a cusa tsohuwar jarida a ciki, a canza ta bayan awa 2, a ajiye kusa da hita ba a kanta ba, domin zafi kai tsaye yana fasa roba ya sake gam. Safar hannu a juya cikinta waje. Wandon taɓo ba ya son wanki kullum: a bar taɓon ya bushe a kakkaɓe, ko a watsa masa ruwa a banɗaki a rataye. In za a sa a inji, digiri 30 zuwa 40, a zuge zif, ba a sa ruwan laushin kaya, saboda yana toshe yadi mai numfashi ya kashe santsin da ke sa ruwa gangarewa. Kayan roba ba sa shiga injin busarwa. Ulu kuwa digiri 30 da sabulun ulu, a shimfiɗa ya bushe. Ruwan zafi sau ɗaya ya isa ya mai da rigar ɗan shekara 5 ta jariri.

Idan aka ga ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a kan yadi mai numfashi, yana shiga yana yin duhu, a wanke shi a fesa maganin da ake sayarwa don haka. Ƙaramar tsaga a wandon roba, a goge wurin ya bushe a manna facin gam ta ciki da waje, kada a ɗinke da allura. Robar wando da ake zagayowa ƙarƙashin takalmi ita ce ta fi saurin tsinkewa, ana sayar da ita daban da araha, a ajiye ƙafa 2.

Ba dole a sayi komai sabo ba. Kayan ulu da suwaita da rigar hunturu ana samunsu masu kyau a kasuwar gwanjon yara da makarantu ke shiryawa a farkon kaka da farkon bazara, da manhajoji irin su Vinted. Kantunan Aldi da Lidl ma sukan kawo kayan ruwa na yara a lokacinsu, suna kuma ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Na gwanjo a ɗaga shi ga fitila a duba gwiwa da mazaunai, a ja liƙin ɗinki a ga ko ya fara ɓanɓarewa, in da hali a zuba ruwa kofi ɗaya cikin ƙafar wandon a riƙe minti ɗaya. Takalmi kuwa a juya ƙasansa: in zanen ya cinye ko diddige ya karkata gefe guda, a bar shi a sayi sabo.